Hoton da muka tarar a akwatin Baffa: su wa suka fara yi wa Jami'ar Bayero wasa?

Nazifi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Jiya da daddare Inna ta sa muka jawo akwatin ƙarfen marigayi Baffa daga ƙarƙashin gado don a raba littattafansa. Can ƙasa, cikin wata leda, muka tarar da hoto marar kala, da farar singileti mai lamba 14 da aka ɗinka da baƙin zare a ƙirji, da wata lambar tagulla da ta fara kore. Mutum goma sha shida ne a hoton, layi biyu, na gaba a tsugune. Baffa ne na uku daga dama, siriri kamar sillen kara, ƙafarsa ba takalmi. A bayan hoton an rubuta da biro "Tawagar Bayero, NUGA", wajen shekarar kuma gara ta cinye. Shekarata uku ke nan a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), kullum sai na wuce filin wasa na sabuwar jami'a, amma ban taɓa jin cewa wani daga gidanmu ya taɓa wakiltar makarantar nan ba. Mu dai mun tashi mun san shi malamin lissafi mai tsohuwar Vespa. Ga hoton nan na turo. Don Allah wanda ya san wani abu ya taimaka mana.

Ɗanjummai: Ikon Allah! Malam ne wannan? Wallahi shi ne, ga goshin nan. Allah ya jiƙansa. To mene ne kuma NUGA ɗin?

Abba na Wudil: Gasar wasannin jami'o'in Najeriya ce, Ɗanjummai. A Ibadan aka fara ta a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar nan biyar ne kacal: Ibadan, Nsukka, Ife, Legas da ABU Zariya. Ba ƙwallon ƙafa kaɗai ake yi ba. Akwai guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon hannu, ninƙaya da sauransu, a ƙarshe a lissafa wace jami'a ta fi tara zinare.

Malam Mai Usur: Wa alaikumus salam. Jikana ne yake rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Nazifi ɗana, ka fama mini mikin da na zaci ya warke. Allah ya jiƙan abokina, ya kai haske kabarinsa. Ka duba layin baya, na biyu daga hagu, mai usur a wuya. Ni ne. Shekarar da gara ta cinye 1984 ce, a Ife aka ɗauki hoton. Lokacin Jami'ar Ife ake ce mata, sai a 1987 aka sa mata sunan Awolowo.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane irin mutanen da kuke kallo. Makarantar taku ta fara ne a 1960 a matsayin kwaleji a cikin Makarantar Nazarin Larabci ta Kano. Da aka kafa ABU a 1962 sai ta zama Kwalejin Abdullahi Bayero, reshen Zariya. Ka ga ke nan da aka fara NUGA, sunan ABU ne a cikin gasar, ba na Bayero ba. Sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, Dakta Mahmud Tukur yana shugabanta. Saboda haka tawagar da ke cikin hoton nan jaririya ce, ba ta kai shekara goma da samun sunan kanta ba. Mu ma da muke ciki mun san haka, shi ya sa muke ɗaukar abin da zafi. In muka shiga fili muka ga su Ibadan da Nsukka da tutocinsu da masu kiɗansu, sai mu ji kamar an kai ɗan ƙauye birni, amma babu wanda ya yarda a gani a fuskarsa.

Bayan sallar asuba muka tashi daga tsohuwar jami'a ta wajen Kabuga. Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, muka tsallake gadar Jebba da dare, muka yi ta Ilori. Guzurinmu garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino. Baffanka dambun nama ya ƙunso a gwangwanin madara, kakarka ce ta yi masa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zuba mana a tafin hannu. Ni ƙwallon raga nake bugawa, ni ne kuma mai riƙe wa masu gudu agogo in ana atisaye, usur ɗin ke nan. Shi kuwa gudun mita 5000 yake yi, zagaye goma sha biyu da rabi. An ba shi takalmin gudu mai ƙusoshi, ya sa, ya zaga fili sau ɗaya, ya zo ya cire ya miƙa mini ya ce yana riƙe masa ƙafa. Haka ya yi gudunsa ƙafa ba takalmi. Ya kai tseren ƙarshe, bai samu lamba ba. Tagullar da ka gani ta gasar tsangayoyi ce ta cikin gida. Amma ranar nan na ga mutanen da ba su san ko sunansa ba sun miƙe tsaye suna ihun "Kano! Kano!" saboda ƙafar nan tasa.

Nazifi: Allahu akbar. Baba, wallahi ina karantawa ina hawaye. Na karanta wa Inna, ta ce ta tuna gwangwanin.

Kawu Sale: Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, babu mai musun wannan. Amma Allah ya gafarta Malam Mai Usur, ku bar ni in faɗi tawa, kada yaran da ke zauren nan su ɗauki abin ta wata fuska. Bara bijimina na sayar, bana buhun gero shida na kai kasuwa tun bai yi tsada ba, duk don kuɗin makarantar yarona. Ban tura shi don ya je ya yi tsere ba. Shi marigayin me gudun ya ba shi? Lissafin da ya karanta ne ya ci da shi da iyalinsa shekara talatin, gudun kuwa ga shi nan a leda ƙarƙashin gado, 'ya'yan gidan ma ba su sani ba. Ɗan talaka in ya samu jami'a, ƙafa ɗaya yake tsaye a kai. In ya karye a fili, wa zai biya kuɗin ɗori?

Ɗanjummai: Gaskiya Kawu yana da hujja ta wani gefen. Mu da muke bin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars tun muna yara mun san inda 'yan ƙwallo suke fitowa: filin unguwa, gasar Ramadan, ƙananan kulob. A 1990 aka kafa Pillars, ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ahmed Musa a Pillars ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya ya tafi Turai. Ban taɓa jin an cika filin Sani Abacha na Ƙofar Mata don kallon wasan jami'a ba.

Abba na Wudil: Kawu, ranka ya daɗe, ba na ja da maganar bijimi, mahaifina ma haka ya yi. Amma ba dole sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Adokiye Amiesimaka lauya ya karanta a Jami'ar Legas yana buga wa ƙasa, yana cikin waɗanda suka ɗauko wa Najeriya kofin Afirka a 1980, daga baya har Antoni Janar ya zama a jihar Ribas. Hakeem Olajuwon ta Jami'ar Houston ya bi ya shiga NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ya ɗauki kofi a 1994 da 1995, yana wasa da azumi a bakinsa a watan Ramadan. A Amurka jami'a ce matattarar 'yan wasa, da wasan ma yaro yake samun karatu kyauta. Kuma kada mu yi nisa: a Zariya akwai wani Ba'amurke, Oliver Johnson, da ake kira Koci OBJ, wanda ya shafe shekaru yana horar da ƙwallon kwando a ABU. Cikin yaran da suka taso a hannunsa har da Masai Ujiri, wanda ya jagoranci Toronto Raptors ta ɗauki kofin NBA a 2019. Fili ɗaya ne na siminti a jami'a da mutum ɗaya da ya zauna ya riƙe shi.

Ɗanjummai, kai kuma ka bincika HiFL, gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu da aka fara a 2018. Jami'ar Noma ta Makurɗi ce ta fara ɗauka. A 2021 Jami'ar Maiduguri ta ɗauka da ƙungiyarta Desert Warriors, garin da kowa ya san halin da ya shiga. Ta BUK sunanta Stallions, tamu ta jami'ar Wudil kuma Pyramids, saboda dalar gyaɗa.

Kawu Sale: Abba, duk waɗanda ka lissafa, nuna mini ɗaya da ya fito daga ƙauye irin namu, wanda ubansa ya sayar da gero.

Abba na Wudil: Na uku daga dama a hoton da ke sama, Kawu.

Kawu Sale: Shi kuma ai na faɗa, lissafi ne ya riƙe shi.

Malama Binta: Sannunku. Tun ɗazu nake bibiya ina tuƙa tuwo. Ina da magana biyu. Ta farko, Kawu, ni shaida ce cewa ba wasan ne yake kayar da ɗalibi ba, rashin tsari ne. A ƙa'ida yammacin Laraba lokacin wasanni ne a jami'o'in ƙasar nan, ba a sa lacca. A jami'ar da na yi, ba zan kama suna ba, ƙwallon hannu nake bugawa, ni ce mai tsaron gida. Wani malaminmu da gangan yake ajiye gwajinsa ƙarfe huɗu na yammacin Laraba. Na je na same shi da takardar ofishin wasanni a hannuna, ko karɓa bai yi ba, ya ce in zaɓa, ko digiri ko tsalle-tsalle. Na zaɓi digiri, kuma ban yi nadama ba, amma har yau in na tuna ranar da abokan wasana suka hau mota suka tafi gasa ina tsaye da littafi a hannu, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Maki goma ne gwajin nan gaba ɗaya.

Ta biyu, Baba Malam, na ƙirga mutanen hoton nan sau biyu, ban ga mace ko ɗaya ba. Babu mata ne a tawagar?

Malam Mai Usur: Akwai su, 'yata. Hotonsu daban aka ɗauka. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne da suka tashi a barikin soja da Sabon Gari da gidajen layin dogo. 'Ya'yanmu na karkara a lokacin kaɗan ne ma suke kaiwa jami'ar, balle fili. Kuma kayan wasan da ake bayarwa gajeren wando ne, babu uban da zai yarda.

Malama Binta: To wannan uzurin yanzu ya kau. Ni da dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi na yi wasana, babu wanda ya taɓa ganin gashina. Tun 2014 aka amince mata su buga ƙwallon ƙafa da lulluɓin kai a dokar duniya, ƙwallon kwando ma aka amince a 2017. A makarantar 'yan mata da nake koyarwa akwai yarinyar da in ta jefa dutse ta kaɗo mangwaro, namiji ba zai kai rabin inda ta kai ba. Wannan hannun jifan mashi ne. Tana aji biyar, kuma ba ta taɓa ganin mashin wasa da idonta ba.

Liman Ƙarami: Don kada a ce addini ne ya hana: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Sharaɗin shi ne suturta jiki, da kiyaye lokacin salla, da nisantar caca. Cacar ƙwallon da ta cika wayoyin yaranmu ta fi damuna a kan gudu a fili.

Abba na Wudil: Ƙari a kan maganar Malama. Ita kanta NUGA asalinta duk shekara biyu ce, amma ku duba: Ife a 2014, Makurɗi a 2017, sai Legas a 2022. Tsakanin Makurɗi da Legas shekara biyar. Akwai ɗaliban da suka shiga jami'a suka fita ba su ga gasar ko sau ɗaya ba. Ga korona, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata tara a 2020, ga na wata takwas a 2022. Koci zai haɗa yara ya yi wata uku yana gyara su, a rufe makaranta, kowa ya koma gona ko kasuwa, in an dawo rabi sun yi teɓa, rabi sun kammala. A Legas Jami'ar Fatakwal ce ta zo ta ɗaya, kuma ta daɗe tana yin haka. Abin da yake ba ni takaici shi ne ninƙaya. Lambobi ne jibge a cikinta, mutum ɗaya zai iya kwaso uku ko huɗu. Je ka dam ɗin Challawa a Ƙaraye ko Watari a Bagwai ka ga 'ya'yan masunta, ruwa gidansu ne. Wa ya taɓa riƙe musu agogo?

Malam Mai Usur: Abba ka taɓo inda nake so a zo. Ku saurare ni da kyau, har da kai Sale. Mutum goma sha shidan nan ba jami'a ce ta koya musu wasa ba, a dafe ta same su. Fiye da rabinmu daga kwalejojin horon malamai muka fito, irin su Bichi da Wudil, sauran daga makarantun kwana irin Rumfa da Birnin Kudu. A can, ƙarfe huɗu in aka kaɗa ƙararrawa babu mai zama a ɗaki, kowa fili. Duk shekara akwai gasar gida-gida, a shafa wa fili farar ƙasa, hakimi ya zo, a ba da kofi. Kuma duk wanda ya fito da takardar malanta mai daraja ta biyu ya iya auna filin gudu da igiya, ya iya shata layi, ya iya busa usur, domin cikin karatun yake. Sai a tura shi firamaren ƙauye ya je ya shuka abin a can. Da aka rufe kwalejojin nan, saiwar aka sare, ganyen ne bai bushe nan take ba.

Shi kansa abokina a ina ya samo ƙafar? Daga garin nan zuwa firamaren da muka yi tafiyar mil huɗu ce, shi kuma sai ya kai awaki bakin fadama kafin ya tafi, don haka kullum a guje yake zuwa don kada a yi masa bulalar makara. Da daddare in farin wata ya fito, langa a dandali. Shi muke sa wa ruwa, domin in ya riƙe ƙafa ɗaya ya zabura, ƙarti uku ba sa tare shi kafin ya sha. Yau langa tana cikin gasar wasanni ta ƙasa, ana yin ruwa da tureshi da kawoshi ana ba da zinare, amma a dandalinmu an daina. Hedimastanmu ne ya gan shi, ya sa shi gudun zagaye, daga nan abin ya ɗore har Ife.

Da BUK ta karɓi baƙuncin NUGA a shekarun 1990, ni da shi muka haɗa kuɗi muka ɗauki shatar a-kori-kura, muka kwashi ɗalibanmu muka bi titin Gwarzo muka kai su kallo. Yana tsaye a bakin waya yana gaya musu wanda zai gaji a zagaye na nawa, kuma haka ake yi. Sale, ka ce gudun bai ba shi komai ba. Kuɗi dai bai ba shi ba. Amma takardar canjin wurin aikinsa da ta maƙale a Kaduna, wani ɗan Binuwai da suka yi tsere tare a Ife ne ya fito masa da ita. Kuma har ya koma ga Allah bai san hawan jini ba.

Yanzu ku je ku dubi filin firamarenmu. Gefen gabas an yi gini, gefen kudu gyaɗa ce, turakun gola ɗaya ya karye tun bara waccan. Jami'o'i kuwa sun ƙaru, ga Wudil tun 2001, ga ta Tarayya a Dutse tun 2011, ga ta Kafin Hausa tun 2013. Filaye sun yi yawa a sama, a ƙasa kuma babu mai turo musu yara.

Ɗanjummai: Wallahi gaskiya ne Baba. Mu yanzu a gonar da aka girbe muke bugawa da rani, kututturen dawa duk ya farfasa mana ƙafa. Da damina kuwa sai gidan kallo.

Kawu Sale: Malam, ba sai an yi ta zagaye-zagaye ba, kowa a zauren nan ya san gyaɗar gefen kudu tawa ce. Ba ƙwace na yi ba. Shekara huɗu wajen yana cike da tumfafiya da kashin shanu, na nemi izini aka ce in share in shuka, kuma duk kaka ina kai wa makaranta buhu ɗaya. Tunda abin ya zama haka, in na cire ta bana ba zan sake shukawa ba. Amma ku sani, in na bari kuka bar shi ya koma tumfafiya, zan dawo da garmata. Maganar yarona kuma tana nan yadda na faɗa: ya kawo mini digiri tukuna.

Malama Binta: Allah ya saka da alheri, Kawu. In an gyara, ina roƙon a ware wa 'yan mata yammaci ɗaya a mako, ni zan tsaya a kansu da kaina.

Ɗanjummai: Turakun gola a bar mana, mu 'yan acaɓa za mu haɗa kuɗin ƙarfe da walda.

Nazifi: Baba Malam, ina so in zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci da wayata, ka faɗa mini sunayen mutanen hoton ɗaya bayan ɗaya da garuruwansu da wasan da kowa yake yi, in naɗa. In na koma makaranta zan kai kwafi ofishin wasanni da sashen koyar da motsa jiki, ko za su haɗa da abin da ke wurinsu.

Malama Binta: Nazifi, in ka je ka tambayo mini hoton matan.

Malam Mai Usur: Ka zo, ɗana, ina gida. Goma sha ɗaya zan iya kawo maka sunansu yanzu ba tare da tunani ba, bakwai a cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Na ƙarshe a tsugune daga hagu, mai babban hannu, yana nan da rai a wajen Gumel, idonsa ne ya tafi, amma kansa garau yake, shi zai cike maka sauran. Kada ka bar shi ya daɗe. In za ka zo ka taho mini da singiletin, ina so in riƙe ta a hannuna.